Gilashin Saitin Kyaftin Bahago

Ranar da shirwa ta sake sure ɗan tsako a tsakar gidan Rakiya, a kan idonta, tana tsaye da muciya a hannu, ranar ce mijinta Malam Bahago ya miƙe a majalisar ƙofar gidan Alhaji Nasidi ya ce shi zai kawo ƙarshen shirwar nan, kuma da ilimin jirgin yaƙi zai yi.

Babu wanda bai san Bahago ba a unguwar Kwarbai, cikin birnin Zariya. Yana da ɗan tebur a bakin hanya inda yake gyaran tabarau da agogo da tocila, amma in ka kira shi mai gyara ba zai waiwayo ba, sai ka ce Kyaftin. Yana saurayi ya taɓa yin ɗan aiki a wani filin jirgi a Kaduna. Waɗanda suka san shi a can sun ce ciyawar gefen titin jirgi yake yanka. Shi kuwa ya ce ciyawar nan ɓad-da-kama ce, ainihin aikinsa ba a faɗa.

"Malam Bahago," in ji Alhaji Nasidi, maƙwabcinsa, dattijo mai sayar da yadi, "ai da ka bar Rakiya ta sayi raga ta rufe kajinta kamar kowa."

"Raga, Alhaji? Matar Kyaftin ta ɓoye kaji saboda tsuntsu? Ku mutanen ƙasa kun ɗauka harbi ƙarfin dantse ne. Harbi gilashi ne. Akwai wani gilashin saiti a jirgin yaƙi, in ka ɗora wa abu shi, to a sanar da danginsa kawai."

"In kuma ka kuskure fa?"

"In na kuskure ku daina ce min Kyaftin. Ku kira ni duk sunan da kuka ga dama."

'Yan majalisa suka ce sun ji, kuma sun shaida.

Matsalar ɗaya ce. Bahago bai taɓa ganin wannan gilashi da idonsa ba. A bakin Sagiru ya ji labarinsa. Sagiru ƙanin Rakiya ne, yana da shago wajen Babban Dodo inda samari ke buga ƙwallo a talabijin, kuma bai daɗe da kawo na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi ba: kujera, da sandar tuƙi, da wani ƙaton tabarau da ake ɗaurawa a fuska ya rufe ido ruf, mutum ya tsinci kansa cikin jirgi. Don haka washegari da hantsi Bahago ya karkata hula ya nufi can.

"Kyaftin da kansa," in ji Sagiru. "Yau na'urata za ta ga ubangidanta."

"Na zo in duba ko ta yi kama da ta gaske. Yawanci ƙarya suke haɗa muku ku saya."

Sagiru ya zaunar da shi, ya ɗaura masa tabarau. Nan take shago ya ɓace. Bahago ya ga kansa a cikin wani tsohon jirgin yaƙi, gajimare a gefensa, gonaki can ƙasa kamar an shimfiɗa tabarmi. Ya ƙanƙame kujera da hannu biyu. Daidai hancinsa ga wani ɗan gilashi kamar tafin hannu, a kishingiɗe, a jikinsa akwai zoben haske mai launin manja da ɗigo a tsakiya.

Ya karkata kai hagu, zoben ya sulale a kan gilashin. Ya ƙara karkatawa, zoben ya ɓace gaba ɗaya.

"Sagiru, an cuce ka. Saitin nan ya kwance. Ina motsa kai yana yawo kamar akuyar da ba ta da turke."

"Yaya, ai wannan ita ce gaskiyarsa. Wasannin da ne suke zana ɗigo a tsakiyar allo ya kafe wuri guda. Na gaske ba haka yake ba. Ka ga wancan jirgin da ke gabanka? Ɗora masa zoben. To, motsa kanka. Zoben ya bar jikinsa?"

Bahago ya motsa kai dama, ya motsa hagu. Zoben yana yawo a kan gilashi, amma yana manne da jirgin can nesa.

"Bai bari ba," ya ce a hankali.

"Yauwa. Duba ƙasan gilashin, za ka ga ɗan akwati. A cikinsa akwai fitila, a samanta an huda siffar zobe, a saman wannan kuma akwai ƙwayar gilashi irin ta tabarau. Ƙwayar ce ke miƙar da hasken ya tafi sambal, kamar daga can ƙarshen duniya ya taho. Gilashin da ke kishingiɗe sai ya karkato shi zuwa idonka, kai kuma kana hango sama ta cikinsa. Shi ya sa zoben yake zama kamar wata. In kana tafiya ka matsa nan ka matsa can, wata yana nan inda yake. Matuƙi ba sai ya kafe kansa wuri guda ba, ba sai ya rufe ido ɗaya ba. In dai yana ganin zoben, to inda zoben yake nan bakin bindiga ke kallo."

"Na sani," in ji Bahago. "Jarraba ka nake."

Ya danna kunamar da ke jikin sanda. Jirgin da ke gabansa ya kama da wuta.

"Wancan namu ne, Yaya. Shugaban ayarinku ne."

"To me ya sa ya tsaya min a hanya?"

Ya fizgi sanda don ya nuna gwaninta. Sama ta koma ƙasa, ƙasa ta koma sama, gonaki suka taho masa a guje. Ya kauce da jikinsa duka, shi da kujera suka zube, ƙafarsa ta yi fatali da fankar shago. Samari suka dakatar da ƙwallonsu suna kallo. Bahago ya cire tabarau, ya kakkaɓe riga, ya ce yau iska ta yi yawa a sama, ko ƙwararre ba zai tashi ba. Ya nufi ƙofa.

"Yaya, in za ka haɗa, tazarar fitila da ƙwaya sai ta zama daidai," Sagiru ya faɗa daga bayansa. "Kuma sai an daidaita zoben da abin harbin."

Bahago ya ɗaga hannu bai waiwayo ba. Ya riga ya gama haɗawa a zuciyarsa.

Bindiga dai ba shi da ita, kuma ba mai ara masa. Sai ya ce danƙo zai yi, amma na manya. Ya samo reshen darbejiya mai gwafa, kaurinsa kamar cinya. Ya yanko tif ɗin tayar mota. Wani mai aski a Wusasa ya jefar da tsohuwar kujera mai juyawa, Bahago ya ɗoro ta a keke ya kawo gida, ya kafe gwafar a jikinta da ƙusoshi. Harsashi kuwa ƙwallon goriba, cike da kwano.

Saura gilashin saiti. Ya sami gwangwanin madara, ya cusa tocila a gindinsa, ya huda zobe a kwali ya ɗora. Ƙwaya ce ta gagara. Ya birkice akwatinsa bai sami mai ƙarfi ba, sai idonsa ya faɗa kan tabaran karatun Alhaji Nasidi, wanda aka kawo masa don ya ɗaure hannu ɗaya da ya karye. Ya dubi tabarau, ya dubi gwangwani. Ya ce a ransa ai Alhaji ido biyu gare shi, ƙwaya ɗaya ta ishe shi na ɗan lokaci. Ya cire ta dama, ya yanka gilashin banza ya maye gurbinta.

Gilashin da za a kishingiɗa kuwa, sai ya shiga ɗaki ya ɗauko madubin Rakiya.

Ya kafa komai a tsakar gida, ya zauna, ya kunna tocila. Sai ga zobe ya fito tar, mai kyau, kamar na shagon Sagiru. Ya ƙwala wa Rakiya kira ta zo ta ga ilimi.

Rakiya ta leƙa. "Na ga zobe. To ta ina za ka ga shirwar, Malam? Ai madubi ba a ganin bayansa."

"Ke dai mace ce mai gaggawa. Matsa."

Ya saka goriba, ya ja tif, ya saki. Goriba ta sauka a cikin randar ruwan Rakiya, randa ta dare biyu, ruwa ya malale har ƙofar ɗaki. Kaza ta kwashi sauran 'ya'yanta ta shige ƙarƙashin turmi.

"Shirwa ba ta taɓa fasa min randa ba," in ji Rakiya.

"Gwaji ne. Kowane jirgi sai an gwada shi."

Ya mayar mata da madubi, ya zare gilashin luba ɗaya daga tagar ɗakinsu. Wannan kam ana hango gaba ta cikinsa. Sai dai gilashin mai kauri ne, fuskarsa ta gaba tana dawo da haske, ta baya ma tana dawowa, don haka zobe biyu suka fito, ɗaya a kan kafaɗar ɗaya.

"Yanzu kuma wanne ne na gaskiya?" Rakiya ta tambaya.

"Duka. Ɗaya na shirwa, ɗaya na mijinta."

Ya zana shirwa da gawayi a jikin katanga ya shiga gwaji. Nan wata sabuwa ta ɓullo. In ya ɗora zobe a kan zanen ya ɗan motsa kai, sai zoben ya bar zanen ya bi kansa. Ya matsa dama, zobe ya koma kan ƙofar banɗaki. Ya matsa hagu, ya koma kan shanya. Duk da haka ya yi ta harbi. Goriba ɗaya ta tsallake katanga ta kifar da faifan barkonon da aka shanya a maƙwabta, gidan ya ɗauki atishawa. Wata ta sami bunsurun Alhaji Nasidi a gindi, bunsuru ya tsinke igiya ya shiga zaure ana karatun yamma. Zanen shirwa dai yana nan lafiya, ko ƙwarzane babu.

Rakiya ta aika aka kira mata Sagiru, ko Bahago zai ji maganarsa. Sagiru ya zo ya leƙa gwangwani, ya juya shi.

"Yaya, gwangwanin nan ya yi gajarta. Ƙwayar tabaran karatu tana son tazara kamar kamu guda tsakaninta da zoben kafin ta miƙar da haske. Naka ko taƙi bai cika ba. Shi ya sa zobenka bai tafi nesa ba, yana nan kusa da hancinka, kana motsi yana motsi. Nemo dogon bututu."

"Ka taɓa ganin jirgin yaƙi da bututu kamar na murhu? Na jirgi ƙarami ne."

"Ai ƙwayarsu daban ce."

"Matsalar ba ta gwangwani ba ce. Kan mutum ne ke motsi, ko ba haka ba? To sai a hana kai motsi."

Sagiru ya dube shi. "Yaya, duk hikimar gilashin nan don a sakar wa matuƙi kansa aka yi ta."

"Wancan na Turawa ne, masu raunin wuya."

Ya ɗauko wani tsohon rawani, ya kafa katako a bayan kujera, ya ce Sagiru ya ɗaure masa goshi a jiki. Sagiru ya dubi yayarsa. Rakiya ta ce, "Ɗaure shi. In da hali har da hannuwan."

Da aka ɗaure kan, zobe ya tsaya cak. Bahago ya yi murmushin nasara. Sai ya ɗaga gwafar sama don ya gwada a sarari, zoben ya ɓace, domin hasken tocila ba ya gasa da hasken rana. Sagiru ya fara cewa na jirgi suna da baƙin gilashi da ake jawowa don haka, amma Bahago ya riga ya hango baƙin hijabin Rakiya a kan igiya. Ya lulluɓa shi daga kansa har gwangwani, ya bar ɗan rami ta gaba. Zobe ya dawo, su biyu. Abin da ya rage masa na duniya shi ne wannan ɗan rami.

"An gama," ya ce daga cikin hijabi.

Ranar Asabar za a yi walimar auren Ummukulsum, 'yar Alhaji Nasidi, za a yanka sa a filin da ke gefen gidan. Bahago ya ce ita ce ranar. Shirwa ba ta ƙin wurin da aka yi yanka, kuma babban aiki yana son shaidu.

Ana jajiberi Alhaji ya tsaya a teburinsa. "Malam Bahago, don Allah ka ɗaga wannan harbi naka zuwa bayan biki. Sannan ka ba ni tabarauna, ni zan karanta jawabin godiya."

"Harbi ba zai taɓa bikinka ba, Alhaji. Sama zan yi, ku kuna ƙasa." Ya miƙa masa tabarau.

Alhaji ya saka, ya dubi tafin hannunsa, ya lumshe ido ɗaya, ya buɗe. "Kamar idon dama ya ɗan yi hazo."

"Shekaru ne, Alhaji. Ka rage shan shayi."

Ranar walima bayan la'asar layin ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujeru, mata suna can fili da manyan tukwane, Rakiya a cikinsu tana tuƙa tuwo. An ɗauko mai hoto daga Gyallesu, wani Isma'ila, wanda ke da ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama. A can ƙololuwa kuwa shirwa tana ta kewaya ƙamshin nama.

Bahago da Sagiru suka kafa tsani suka hau da kujera kan soron zauren Bahago, wanda ke kallon rumfunan. Kafin ya fito, Bahago ya shiga akurki ya kamo ɗan tsakon da ya fi ƙiba cikin waɗanda suka rage wa Rakiya. Ya ɗaura masa zare a ƙafa, ya ɗaure ɗaya bakin zaren a jikin gwangwanin saiti, ya ajiye shi a bakin soro.

"Yaya Rakiya ta sani?" Sagiru ya tambaya.

"Sirrin soja ne. Ɗaure ni."

Sagiru ya ɗaure masa goshi tamau, ya lulluɓa masa hijabi, ya sauka. Yana sauka masu ɗaura lasifika suka ari tsanin suka yi gaba da shi.

Mutane suka fara ɗaga kai. Wata tsohuwa daga dangin ango ta tambaya wace baiwar Allah ce aka ɗaure a kan soro, kuma me ta yi. Aka ce mata ba mace ba ce, Kyaftin ne. Ta ce Allah ya ba shi lafiya.

Alhaji Nasidi ya karɓi abin magana, ya buɗe takarda, ya rufe idon dama da yatsa. Ya gode wa dangin ango, ya tsallake layi, ya gode wa marigayi kawunsa bisa halartar da ya yi, ya dawo baya ya sake gode wa dangin ango. Ana haka Isma'ila ya tada jirginsa. Ya tashi yana ƙugi kamar taron ƙudan zuma, ya bi ta kan rumfuna, sannan Isma'ila ya hango abin da ke kan soro ya ce wannan ma ai abin ɗauka ne. Ya karkato da jirgin can gefen hagun Bahago ya tsayar da shi.

Bahago bai ga jirgi ba. Ɗan raminsa kawai yake gani, gumi yana bin rawani yana shiga masa ido. Ya ji ƙugi ya ɗauka injin markaɗe ne. Can sai ga shirwa ta ratso ramin, fukafukai a buɗe, ta yi ƙasa-ƙasa tana duban ɗan tsako. Ya turo kujera da ƙafa har shirwa ta shiga zoben sama. Ya yi shakka, ya mayar da ita zoben ƙasa. Ya sake shakka, ya sa ta a tsakaninsu. Ya ja tif har bayan kunnensa, ya ƙara ja, ya ce bismillahi, ya saki.

Kujerar aski ba a yi ta don yaƙi ba. Tun yana ja ta fara karkata, yana saki ta kwashe shi ta juya kamar mazari. Goriba ta fita ta hagu, nesa da shirwa kamar nisan masallaci da kasuwa, ta sami jirgin Isma'ila a tsakiyar ciki. Jirgi ya yi ƙara, farfela ɗaya ta yi nata wuri, ya taho yana katantanwa ta kan rumfar manyan baƙi, ya nutse a cikin tukunyar miyar taushe. Miya ta yi tsalle ta wanke gwaggon ango daga goshi har gyale.

Shirwa kuwa ba ta ko canja hanya ba. Ta sauko a natse, ta ɗauki ɗan tsako, ta yi sama. Zare ya miƙe, ya fizgo gwangwanin saiti daga mazauninsa, sannan ya tsinke. Gwangwani ya gangaro daga soro ya fashe a gaban Alhaji Nasidi. Tocila ta yi gefe, wata ƙwayar gilashi ta mirgino ta tsaya a jikin takalminsa.

Alhaji ya sunkuya ya ɗauka. Ya cire tabarau, ya kara ƙwayar a idonsa na dama, ya dubi takardar jawabi. Rubutu ya fito tar. Ya manta abin magana yana bakinsa.

"Shekaru ne, ko? In rage shan shayi."

Duk layin ya ji.

A kan soro kujera ta rage gudu ta tsaya, ta bar Bahago yana fuskantar bayan gida. Hijabi ya naɗe masa fuska, kansa yana juyawa, amma yana jin hayaniya a bayansa, ihu da salati da dariya. Bai yi shakka ba tafi ake masa.

"Ta faɗo?" ya tambaya da ƙarfi.

"Ya faɗo," Sagiru ya amsa daga ƙasa.

"Ta faɗo ko ya faɗo?"

"Ya faɗo, Yaya. Yana cikin miya."

"To mijin ne ke nan. Ku riƙe min shi, ina zuwa."

Amma zuwan bai yiwu ba. Ya lalubi ƙullin rawani ya kasa kwancewa, tsani kuma yana can jikin turken lasifika. Haka ya zauna a ɗaure, bayansa ga jama'a, yana ba da umarni a kawo masa gawar. Isma'ila yana tsaye a bakin tukunya da ludayi yana tsamo jirginsa, kabewa tana zuba daga jikinsa. Rakiya ta bar tuwo ta taho, ta tsaya a gindin soro da muciya, ta ga guntun zare yana lilo a bakin rufi. Ta shiga gida ta duba akurki ta fito.

"Sagiru," ta ce, "kada wanda ya kawo tsanin nan sai an gama cin abinci."

Aka gama cin abinci, ba miya. Sannan aka sauko da shi.

Kafin a sauko da shi ma hoton ya riga ya zaga. Ashe duk abin da jirgin ke ɗauka yana shiga wayar Isma'ila nan take. Ga mutum a ɗaure da rawani, baƙin hijabi a ka, gwiwoyi a ware, yana jan tif. Ga goriba tana tahowa tana girma har ta cika allo. Daga nan sai sama, ƙasa, sama, fuskar gwaggon ango, sai kabewa. Kafin magariba an kalle shi a Gyallesu, an kalle shi a Tudun Wada. 'Yan majalisa ba su ɓata lokaci wajen neman sabon suna ba, yaran layi sun riga sun raɗa masa Mai Taushe.

Aka kai magana gaban mai unguwa. Bahago ya fara bayanin iska da raunin kujera, mai unguwa ya ce ya isa. Bahago ya mayar wa Alhaji ƙwayarsa cikin tabarau a gaban shaidu, ya ba gwaggon ango haƙuri a durƙushe. Isma'ila kuwa, da aka gyara masa jirgi, aka yanke cewa Bahago zai riƙa bin sa duk bikin da aka gayyace shi, yana ɗaukar masa jaka da lema, har sai Isma'ila ya ce ya huce. Rakiya kuwa ta bari sai da suka koma. A gida ne ta mayar da kujerar askin mazaunin kaza, ta ce ko ba komai ita kazar ba ta harbin kowa.

Haka aka shiga ganin Bahago a bukukuwan birni, jaka a kafaɗa, lema a hannu, yana bin bayan Isma'ila. Isma'ila bai huce da wuri ba, kuma bai sake yarda da shi ba. Duk lokacin da zai tada jirgi sai ya ce Bahago ya ɗaga hannuwa, ya laluba masa aljihu ɗaya bayan ɗaya, ya cire masa hula ya duba ciki, sannan ya tura shi can bayan rumfa.

A wani biki a Ƙofar Doka wani baƙo da ya zo daga nesa ya ga ana wannan laluba, ya matso kusa da Bahago.

"Malam, lafiya ake caje ka haka a gaban mutane?"

Bahago ya mayar da hularsa, ya karkata ta, ya dubi baƙon sama da ƙasa.

"Kai ba ɗan garin nan ba ne," ya ce. "Duk faɗin Zariya, jirgi ba ya tashi sai an tabbatar hannuna babu komai."